Ranar da jikana ya yi ihun ta sauka

Jikana ya dawo daga Kano tsakiyar damina, da jaka a baya da matarsa mai tsohon ciki. Ya ce ya bar aikin shago, yanzu manhajar waya zai riƙa ƙerawa, wato ɗan abin nan da ake dangwalawa a fuskar waya ya buɗe. Tasa wai za ta riƙa gaya wa manomi ranar shuka. Na ce madalla, mu da muka tsufa muna sunsunar ƙasa sai mu koma gindin waya mu zauna.

Na tambaye shi yaushe zai fara. Ya ce, "Iya, sai na haɗa wurin aiki tukuna." Na zaci rumfa zai kafa, har na ce ya ɗebi kara a bayan rumbu. Ashe wurin aikin a cikin kwamfuta yake, kuma kayan aikin ma ba ya da su, sai ya jawo su ta iska. Wannan jawowar ita yake kira saukewa. Maƙerin garinmu in ya tashi aiki, zugazugi ne da uwar maƙera da gawayi, kafin rana ta ɗaga ka ji ƙarar guduma. Shi kuwa nawa maƙerin kwana tara yana saukewa.

Sabis a gidanmu wuri ɗaya yake, kan katangar turken awaki. Nan yake hawa ya zauna kamar zakara, kwamfuta a cinya, wayarsa a jone da ita tana ba ta sabis. In kwamfutar ta yi zafi, ya ɗauki maficina yana mata fifita. Matarsa tana tsakar gida ƙafa a kumbure, ban taɓa ganin ya yi mata ba. Wani lokaci abin ya kusa cika sai ya tsinke, ya koma farko. Wani lokaci ya cika, sai jan rubutu ya fito, ya ce wannan bai dace da wancan ba, sai an nemo na baya.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Cikin matarsa na farko bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta sha. Ma'aikaciyar asibiti ta ce wannan karon kada a yarda ta haihu a gida, da ta fara naƙuda a kawo ta. Mai mota ɗaya ne a yankinmu, yana ƙauyen gaba, sai an kira shi. Kullum ina ce wa jikan nan, "Kai, ka bar wa wayar nan caji." Ya ce, "Tsohuwa, ke dai yi tuwonki."

Ran nan da hantsi ina gidan maƙwabta muna surfe, sai muka ji shi daga kan katanga: "Alhamdu lillahi! Ta sauka! Ta sauka!" Matar maƙwabcina ta rangaɗa guɗa. Na yar da taɓarya, na fito ba takalmi, ina cewa ta haihu a gida, ta haihu ba kowa. Mata shida suka biyo ni. Muka faɗa gida, sai ga matar tasa zaune tana tsince wake.

Na ɗaga kai na ce, "Wa ta sauka?"

Ya ce, "Manhajar ce, Iya. Zo ki gani."

Ya juyo mana kwamfutar. Hoton waya ne a ciki, wai wayar gwaji, ba ta kira, ba ta amsawa, ba ko fitila. Matar maƙwabcina ta ce, "To Allah ya raya, yaushe ne suna?" Matan suka fita suna dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba.

Bayan la'asar naƙudar gaske ta zo. Hadari ya wuni a sama, sola ba ta kawo wuta ba, kuma kwamfuta ta tsotse wayarsa ƙaf. Ya danna, ya jijjiga, ya hura mata iska, baƙi ƙirin. Ya tsaya yana kallona. Na kwance bakin zanina na fito da 'yar ƙaramar wayata mai madannai, wadda ake yi wa caji ranar kasuwa ta kai wata kasuwar. Ɗiyata ta nuna mini in danne maɓalli na biyu in riƙe, mai mota zai ɗauka. Ya ɗauka. Muka isa asibitin Shanono kafin magariba, ni ce riƙe da kanta duk hanya, shi yana gaba yana salati.

Mace aka samu, mai kuka kamar ta ci bashin iska, uwar kuma lafiya lau.

Da muka dawo gida ya doshi katanga da jakarsa. Na ce ya ajiye. Na nuna masa gatari da babbar tukunya, na ce wankan jego safe da yamma ne har kwana arba'in, kuma itace da ruwa duk a wuyansa suke. Ya ce, "Iya, aikina fa?" Na ce manoma sun riga sun yi shuka, bana ba mai jiransa. Ya ɗauki gatarin ta wajen kaifi, sai da na gyara masa riƙo.