Baba Isufu da tautau mai goge a baya

Ina ɗora bulo a mota a unguwar Manshiya wani direba daga garin Samnu ya tsaya, ya ce da ni: "Sai haƙuri, Baba Isufu ya rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Isufu mutumin Damagaram ne, shi ne shugabanmu a gonar dabino da na fara aiki a nan ƙasar Larabawa. Ranar da na iso, kafin ya nuna mini makwanci, sai da ya kai ni bakin garu ya birkice dutse da sanda. Wani tautau ƙarami mai launin ƙasa ya ruga. Ya ce: "Dubi bayansa, ɗana, akwai zane kamar goge. Wannan ba ya saƙa a sama irin gizon ɗaki. Ƙasa yake bi, ƙarƙashin dutse da bulo da busasshen reshen dabino. Daga nan har bakin teku akwai shi." Sannan ya ɗage wando ya nuna mini wani tabo mai zurfi a cinyarsa.

Yakan ce: "Ba ya neman kowa da faɗa, sai an matse shi. Kakkaɓe takalminka kafin ka sa." Haka yake yi wa kowane baƙo, ko da ana masa dariya.

Ni a cikin bargo tautau ya same ni, ya cije ni a ƙafa. Wurin ya yi baƙi, ya fara zurmawa. Ba ni da takardu, ina tsoron shingen 'yan sanda a hanyar asibiti. Baba ya tsaya gaban mai gonar da Larabcinsa na kasuwa, ya ce: "Hajji, ba zan taɓa fartanya ba sai an kai shi asibiti." Ma'aikata duka suka ajiye kayan aiki suka tsaya bayansa. Mai gonar ya ɗauko makullin mota da kansa. Da wannan ƙafar nake hawa tsani yau.

Ranar jana'iza, mutane suka zo daga Samnu, daga Tamanhint, magina da direbobi, maƙabarta ta cika. Har mai gonar ya sa kafaɗa a makara, yana kuka.

Allah Ya gafarta wa Baba Isufu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hajara, matarsa, da 'ya'yansa a Damagaram haƙurin wannan rashi, Ya tsaya musu. Amin.