Finjalin da Ummu Ra'id Ta Ajiye

Bakwai da rabi na safe za ka gan ta tana saukowa daga motar haya a bakin tsohuwar kasuwar birnin Zarƙa, jaka a hammata, burodi mai riɗi a hannu. Fadwa sunanta, amma Ummu Ra'id kowa yake kiranta. Shekara ashirin da shida ke nan tana buɗe wani ɗaki mai kujeru tara, inda ake kawo yaran da suka yi laifin farko a sasanta su da wanda suka ɓata wa, maimakon a gurfanar da su gaban alƙali. Sharaɗi ɗaya ne: uba ko uwa su zauna kusa da yaron duk ranar Alhamis har wata shida. In ba wanda ya zo, takarda ta wuce kotu.

Na daɗe ina mamakin yadda take cika kujerun nan. Iyaye mata dai ko da rarrafe za su zo. Amma mazan garin nan fa, waɗanda suka gwammace su ce yaro ya tafi wurin kawunsa a Irbid da a gan su a ƙofar ɗakin? Da me take kamo su? Da na tambayi mai unguwarmu, Abu Nidal, sai ya kwashe da dariya ya ba ni labarin Salama direban tankar ruwa.

Kusai ɗan Salama yana shekara sha huɗu ya hau rufin maƙwabci ya kwashe tantabaru shida. Mai tantabarun ya yarda a sasanta. Uwar yaron ta rasu, saura uban, shi kuma ya aiko cewa ba shi da ɗa ɓarawo, a kai shi duk inda za a kai shi. Ranar Alhamis wa'adi zai cika.

Talata da la'asar sai ga Ummu Ra'id a ƙofarsa, ta janyo Abu Nidal. Baƙo dai ba a korarsa. Salama ya zuba gahawa ya miƙa mata. Ta karɓa da hannun dama, ta ajiye finjalin a kan darduma, ta naɗe hannu. Wannan fa sai dattawa ke yinsa, ranar neman aure ko sulhun jini: ba a sha sai mai gida ya biya buƙata. Ba wanda ya taɓa ganin mace ta yi, balle a kan tantabaru.

"Haba Ummu Ra'id, mene ne haka? Sha gahawarki."

"Da zafi, Abu Kusai."

Abu Nidal ya ce shi silin ya ƙura wa ido, kamar ranar ya fara ganinsa.

Can Salama ya ce, "To ai ta huce!"

"Ka ga kuwa ba ni na sa ta huce ba."

"Wai jini na zubar da za a ajiye mini finjali a gidana?"

"Tukuna dai. Sai jibi."

Salama ya yi gumi. Ya ce Alhamis ranar aiki ce, kowa na neman ruwa. Ta ce ya zo da tankar, akwai fili. Ya ce mutane za su gan shi. Ta ce su ma mutanen yanzu suna jiran su ga ko baƙuwarsa za ta fita ba ta sha ba. Can dai ya sunkuyar da kai ya ce, "Sha, abin da kika zo nema kin samu." Ta shanye ta da sanyinta, ta kaɗa finjalin alamar ta ƙoshi, ta miƙa masa.

Alhamis ashirin da shida, bai yi fashin ko ɗaya ba. Bara Kusai ya je karɓar takardar shaidar rashin laifi don aikin gyaran wuta, aka ba shi ita fes.

Ke ce, Ummu Ra'id, da ƙungiyar da ke ba da tallafi ta tattara ta tafi, aka daina kuɗin mota ga iyaye, aka sallami malamin kafinta, ba ki rufe ɗakin ba. Iyayen da kika taɓa ajiye wa finjali kika bi gida-gida. Yau wani ke koyar da kafinta kyauta, Salama ke cika tankin ruwa, yana mita yana cikawa. Mai haƙurin jira, wallahi kin gama mana komai.

Ƙarshen watan nan Ummu Ra'id za ta ajiye aiki. Na je na tambaye ta, da Salama ya bar ta ta fita fa?

"Da na dawo Laraba, ɗana. Gahawa ce ta ƙare masa?"

'Yarta da ke gefe ta yi tsaki. Ashe shekara sha ɗaya ke nan likita ya hana ta gahawa saboda hawan jini, ko kurɓa ɗaya. Na ce to me ya sa take sha?

"In uba ya ce sha, zan ce masa likita ya hana?"

Mun gode, uwar yaranmu. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da alheri. Ku kuma iyaye maza, daga wata mai zuwa ba wadda za ta zo ta ajiye muku finjali. In an kira ku ranar Alhamis, ku je da ƙafarku, kujerar tana nan kusa da ɗanku.