Rufin Layi na Uku

Shekara bakwai na yi ina yankan rasit a sabuwar kasuwar garinmu, can tsakanin Makarfi da Kudan. Ƙaramar hukuma ce ta gina ta da kuɗin aro, bisa sharaɗin kasuwar ce za ta biya bashin da kanta. Duk hayar shagon da muka karɓa wani asusu na daban take shiga, masu bashi su fara ɗiba. Ko ƙusa ɗaya ba a saye da kuɗin sai sun cika. Na haddace wannan doka kamar karatun allo, don kullum sai na maimaita ta ga mutanen da ke ganin aljihuna nake cikawa.

Kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, yana sayar da busasshen barkono a layi na uku. A damina ta biyu rufin layin ya fara yoyo, buhu biyu suka yi masa fumfuna. Na kai kuka ofis sau huɗu. Amsar ɗaya ce: kuɗin na nan, amma ba namu ba ne tukuna.

A tsohuwar kasuwa, wanda ya gyara rumfa da hannunsa, sarkin kasuwa kan ɗauke masa kuɗin wata. Da wannan Kawu ya yi aiki. Ya tara 'yan layin, suka haɗa hayar wata uku suka sayi kwano, suka yi gayya ranar wata Lahadi. Da na je karɓa, sai ya nuna mini sama yana murmushi.

"Ga rasit ɗinmu nan, ɗana."

"Kawu, takardar bashin ba ta san wannan ba."

"To, ka gaya mata."

Na gaya wa duk wanda zai saurara. Shugaban sashenmu ma ya yaba aikin, sannan ya buɗe shafin da ya ce shagon da ya yi wata uku bai biya ba a garƙame shi. Ya ce idan aka ɗaga wa layi guda ƙafa, gobe kasuwar duka za ta hau rufi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa. Albashina bai kai na biya wa shago goma sha biyu ba, Kawu kuwa ya rantse ba za a biya masa shi kaɗai ba. Na yi tunanin ajiye aikin, amma 'ya'yana huɗu.

Ranar Litinin aka miƙo mini kwaɗuna a leda. Na fara daga ƙarshen layi don na jinkirta isa wurinsa. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Da na iso, ƙofarsa ta ƙi haɗuwa, kwaɗon ya ƙi shiga. Kawu ya tsaya yana kallona, can ya ajiye carbinsa ya sa kafaɗa ya ɗaga ƙofar.

"Danna yanzu," ya ce. "Kada su ce ba ka iya aikinka ba."