Tsawon Hannun Yaya Saratu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Saratu, mai bandar kifi a kasuwar Kafanchan. Ni nake zaune a rumfarta yanzu.

A shekarunta na ƙarshe kifin kogin ƙauyenmu ya yi ta raguwa. Masunta suka koma jan ruwa da gidan sauro, suna kawo mana tarwaɗa 'yan firit. Wata safiya muna gyara, ta tsaga cikin wata ƙarama, sai ga ƙwai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ladi, wannan ba ta gama girma ba ta ɗauki ƙwai. Manyan sun ƙare ke nan. In muka cinye waɗannan, baɗi me za mu banda?"

Ta bi matan layin kifi rumfa rumfa, Kirista da Musulmi, har suka yarda: duk tarwaɗar da ba ta kai daga yatsanta zuwa gwiwar hannunta ba, ba mai saya. Aka yanko sanda daidai hannun nata, aka rataye.

Ni kam hankalina ya tashi. Damina guda rumfarmu kusan wayam, ina ta tunanin yaran da ke gida. Bulus, wanda ya fi kowa kawo mana kifi, ya ɗauke kwandonsa yana cewa, "To Mama, sai ki ci tuwo da sandarki!" Ta yi dariya ta ce, "Mayar da su ruwa, ɗana, ba inda za su."

Ba ta ga dawowar manyan kifin ba. Amma sun dawo! Yau tarwaɗar koginmu sai an lanƙwasa ta kafin ta shiga kwando, masu saye daga Jere ma suna zuwa nema.

Da tana nan, na san za ta yi mini tsiya, don har yanzu nakan tsaga ciki in duba, kuma in na ji an ga gidan sauro a bakin ruwa, abinci ba ya shiga mini.

Makon jiya na ji Bulus, da furfurarsa, yana yi wa wani sabon masunci faɗa: "Wannan ba ta kai hannun Saratu ba, mayar!" Sabon masuncin bai taɓa ganin yayata ba. Amma ya san tsawon hannunta.