Ƙugiyar Gashin Zabo

A waya na fara ganin abin: mutum ya ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya, ya jefa bisa ruwa, kifi ya zaci ƙwaro ne ya cafke. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba don ɗoki! Na tsinci gashin zabo a bayan gida, na naɗe a ƙugiya da zaren ɗinkin Inna, na nufi kogin Ringim.

Duk damina ban kama ko ɗan karfasa ba. Ruwan ja wur yake, kifi ba ya ganin abin da ke sama. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma a gaɓa kullum sai ya ce, "Ɗan nan, kifin garinmu ba ya cin gashi. Sa tana ka huta." Shi kaɗai ma ke kula ni a kan maganar, don haka burina ya gani da idonsa.

Da kaka ruwa ya ja baya, ya kwanta, har kana hango yashi. Na jefa, gashin ya sauka a hankali, sai ga kawara ta yi tsalle ta haɗiye! Na juya ina ƙwala wa tsohon masuncin kira, "Baba! Baba, ta ci!"

Ba kowa a gaɓar, duk an tafi yankan dawa. Na zauna inda yake zama, ban cire ƙugiyar daga bakinta ba, ina jira ko zai leƙo, har aka kira la'asar.