Ranar da 'Yata Ta Kai Kwamfuta Zauren Dagaci

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da 'yata ta zauna gaban dattawan garinmu da kwamfutarta.

Tana shekarar ƙarshe a jami'a lokacin. Aikin da ta zaɓa shi ne ta sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda mutane ke barin gidajensu idan rikici ya ɓarke, ta kuwa ɗauki ƙauyenmu da ke kusa da Toranke. Ta bi gida-gida tana tambayar mata da tsofaffi inda za su nufa in abu ya faru, Allah ya kiyaye. Nan da nan magana ta cika gari, wai yarinyar tana yi mana mugun fata. A masallaci har wasu suka rage gaisawa da ni. Ana haka dagaci ya aiko in zo da ita.

Da muka isa zauren dagaci, ta durƙusa ta gaishe da dattawan, ta buɗe kwamfutar. Ga taswirar garinmu cike da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo mutum ɗaya ne. Da ta danna sai suka fara fitowa daga gidaje, mafi yawa suka nufi hanyar Gaya inda dangi suke. Suna isa karyayyar kwalbatin bakin rafi suka cunkushe, wasu jajaye kuma suka tsaya can baya.

Wani tsoho, wanda ya fi kowa ɗaukar zafi, ya tambaye ta ko su wa ke nan jajayen.

"Baba, ku ne," ta ce a hankali, "da masu ciki da masu goyo. Ba fata nake yi ba. So nake ko da ranar ta zo, kada a tafi a bar ku."

Tsohon ya daɗe yana kallon jajayen nan, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka." Sunkuyar da kai na yi don kada a ga ƙwalla a idona.

Kafin damina aka yi gayya aka gyara kwalbatin, kowane mai babur kuma aka nuna masa gidan tsohon da zai ɗauka in ta kama. Rikicin bai zo ba har yau, alhamdu lillahi. Ni dai tun ranar na gane cewa wanda ya zauna yana tunanin ranar masifa dominka, ba masifar yake kira ba, ƙaunarka yake yi.