Nababa Mai Jakai da Rumbun Iri

Da an idar da sallar asuba, Nababa kan ɗora wa jakansa mangala ya nufi birni ɗebo taki. Duk wanda ya taɓa gamuwa da shi a hanyar Bacirawa zai gaya maka mutumin nan shi kaɗai yake magana. Yara kan ce aljanu ne. Ba aljanu ba ne. In ka ji haka, to akwai taro tafe a garinmu Rijiyar Gawo, ko rikicin iyakar gona ko ɓarnar shanu, kuma shi za a tayar ya yi magana. Jakai ne ke fara jin ta. Yanzu ƙafa ta ƙi, murya ta dushe, makon jiya ya aika wa dattawa su daina jiransa a taro. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Nababa ba malami ba ne, ba shi da sarauta. Tsari ke gare shi. Ba ya tsayawa gaban jama'a sai ya fara zuwa zauren wanda ya fi kowa ƙin ra'ayinsa ya ce, "Faɗa mini naka." Ranar taro kuma da maganar mutumin nan zai buɗe baki, ya gyara ta fiye da yadda mai ita zai iya. Na taɓa ce masa, "Kai wane irin mutum ne, kake taya abokin gardamarka?" Ya ce, "Ka taɓa ganin na cika gefe guda na mangala na kora jaki? Sai na ɗora nasa, nawa ke zama."

A shekarun farin nan da suka biyo juna, bayan kaka aka tsince ɗan geron da ya yi ƙwari aka zuba a rumbun bayan masallaci domin iri, aka liƙe bakinsa da laka. Kafin bazara ta raba, dusa ake ci da garin goruba. Sai Mati, manomin da ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya rantse ranar Juma'a zai fasa rumbun a raba. 'Yarsa Safiyatu ce kwance. Rabin gari na bayansa.

Ranar Alhamis da la'asar Nababa ya yi sallama a ƙofar Mati. Matar gidan, Hure, ta amsa daga bayan zana: "Nababa, in surutu ka kawo, ba a ɗora shi a murhu. Shigo ka ga ƙafar yarinyar nan." Ya shiga ya gani.

Washegari, bayan an sauko daga masallaci, Nababa ya miƙe. Ina wurin, ga Mati da gatari a kafaɗa.

"Jama'a, Mati yana da gaskiya. Ga hatsi a bayan bangon nan, ga Safiyatu ƙafa a kumbure. Na gani da idona. Uban da zai ga haka bai ɗauki gatari ba, ban san irin zuciyarsa ba."

Waɗanda suka zo da shirin yi masa ihu suka rasa inda za su kama.

"To mu fasa, mu raba. Zai kai mu wata Juma'ar. Ranar da ruwa ya sauka fa? Na taka kasuwanni, ban ga mai sayar da iri ba. Mati, duk garin nan ba wanda ya kai ka iya shuka. Me za ka jefa a ramin?"

Bai taɓa zama ba tare da ya bar wa mutane abin yi a ranar ba. Ya nuna gindin gawo. "Ga jakaina can. A kai su kasuwa, abin da aka samo na ci a fara da gidan Mati. Mai akuya ya kawo, mai kaza ma ya kawo."

Mati ya sauke gatarin.

Ruwa ya yi jinkiri. Safiyatu ba ta ga damina ba. Daga baya aka yi ruwan, aka shuka irin nan, kuma duk geron da ke cikin rumbunanmu yau jikansa ne. Amma Mati bai ƙara haɗa ido da Nababa ba har ya koma ga Allah. Gari kuma ya yi gum, don kowa na ganin in ya ce an gode, kamar ya taka kabarin yarinyar ne. Shekara da shekaru Nababa a ka yake ɗauko taki kafin ya sake mallakar jaki.

Shekaranjiya na same shi a ƙofar gida, leɓɓansa na motsi. Na ce, "Da wa kake kuma, tunda ba jakai?"

"Maganar ran nan nake sake jerawa. Ina neman wurin da ya kamata in ce a ɗebar wa yarinyar ko mudu ne, a sake liƙewa."

"Da an buɗe, ba mai iya liƙewa. Ka sani."

"Na sani. Amma ban gwada ba."

Nababa mijin Mairo, kai ne ka tsayar da gari da baki, ka biya da jakanka. Kai ne ka ci gardama ba ka taɓa murnar cin ta ba. Mun gode, duk da godiyar ta makara ƙwarai. Allah Ya jiƙan Safiyatu da ubanta, Ya sauke maka wannan kaya.

Ku kuma samari, na ga yadda kuke taro: kowa baki buɗe, ba mai kunne, ba wanda ya taɓa zama a zauren abokin gardamarsa. Mutumin nan yana nan da rai, gidansa na gabas da rijiya. Ku je ku durƙusa ku gaishe shi, ku matsa kusa, don muryar ba ta nisa. In ya ce, "Faɗa mini naka," ku faɗa, sannan ku rufe baki.